Korona a Jikin Mai Ɗauke da HIV: Alamomi, Haɗari da Abin da Ya Kamata Mazaunin Kudu Ya Sani



Tun ranar 5 ga Mayu, 2023 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire korona daga matakin gaggawa, mutanenmu suka naɗe tabarmar zancenta. Takunkumi ya ɓace daga fuska, bokitin wanke hannu ya koma aikin da ya saba. To amma ƙwayar cutar tana nan tana zagayawa, kuma akwai waɗanda har gobe tana iya kai su ƙasa. Daga cikinsu akwai masu ɗauke da HIV, cutar nan mai karya garkuwar jiki, musamman wanda bai san yana da ita ba, da wanda ya sani amma yana wasa da magani.

Ni a kara na tashi. Mahaifina fataucin shanu yake yi tsakanin Arewa da Ikko, kuma da yake na yi sakandare, ina jin Turanci da Yarabanci, ni ake yawan ja in raka mutum asibiti in yi masa tafinta. Abin da na lura da shi, tambayoyin da suka fi damun mai HIV a kan tari da zazzaɓi ba ya iya yin su a gaban kowa. Shi ya sa na tattara bayanin wuri guda, mutum ya karanta a wayarsa shi kaɗai.

Mece ce korona, mece ce HIV?

Korona sunan dangi ne na ƙwayoyin cuta masu yawa. Wasu mura kawai suke sa wa mutum. Akwai wadda ta ɓulla a Saudiyya a 2012, wadda ake ɗauka daga raƙuma. Su ma shanu suna da tasu mai sa maruƙa zawo, amma wannan dabam take da wadda muke magana a kai. Tamu ita ce wadda aka fara ganowa a birnin Wuhan na ƙasar Sin a Disambar 2019, aka sa wa ciwonta suna COVID-19. An tabbatar da shigowarta Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a jikin wani ɗan Italiya da ya sauka Legas. Ta iska take bi. Mai ita ya yi tari, ko atishawa, ko magana, na kusa da shi ya shaƙa. Ta hanci da maƙogwaro take shiga, in ta yi ƙarfi ta gangara huhu.

HIV kuwa ba ta bin iska. Ba a ɗaukarta ta tari, ko musabaha, ko cin abinci kwano ɗaya, ko tsayuwa sahu ɗaya. Hanyoyinta su ne saduwa ba kariya, jini, allura ko aska ko reza da wani ya yi amfani da ita, da kuma daga uwa zuwa jariri. Aikinta a jiki shi ne cinye wasu ƙwayoyin jini da ake kira CD4, waɗanda su ne kamar masu gadin jiki. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 a ma'aunin asibiti. In suka faɗo ƙasa da 200, an shiga matakin da likitoci ke cewa cutar ta yi nisa, kowace ƙaramar cuta tana iya samun ƙofa.

Babban binciken da aka yi a faɗin ƙasar nan a 2018 ya nuna mutum kusan miliyan 1.9 ne ke ɗauke da HIV a Nijeriya, wato kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49. Yankin Kudu maso Kudu ne ya fi yawa da kashi 3.1, Arewa maso Yamma ke da mafi ƙaranci da kashi 0.6. Akwa Ibom, Binuwai da Ribas su ne a sama. Mu da muke zaune a Fatakwal, Uyo, Anaca da sauran garuruwan Kudu, da yawanmu kuma mun baro iyali a gida wata da watanni, wannan lissafi ya shafe mu kai tsaye.

Shin mai HIV ya fi shiga haɗari?

Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne tsananin ciwon bayan an kamu. A 2020, a lardin Western Cape na Afirka ta Kudu, an duba bayanan mutum fiye da miliyan 3 da ke zuwa asibitocin gwamnati, aka ga haɗarin mutuwa da korona ya ninka kusan sau biyu ga mai HIV. A Yulin 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a kan masu HIV fiye da 15,000 da aka kwantar da korona a ƙasashe 24. Kusan kashi 23 cikin ɗari nasu sun rasu a asibiti, kuma haɗarin ciwo mai tsanani ko mutuwa ya fi na sauran mutane da kashi 30 cikin ɗari.

Kada wannan ya tsinka wa kowa zuciya. Lissafin Hukumar na waɗanda ciwo ya riga ya kai gadon asibiti ne, kuma masu HIV ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Wanda ke shan maganinsa kullum, gwajin jini ya nuna ƙwayar cutar ta kwanta har na'ura ba ta ganinta, CD4 ɗinsa kuma ya haura, to yawanci korona tana zo masa kamar yadda take zo wa maƙwabcinsa. Waɗanda abin ya fi yi wa nauyi su ne:

Wanda CD4 ɗinsa ke ƙasa da 200.

Wanda bai fara magani ba, ko ya fara ya ajiye.

Wanda ke fama da tarin fuka, ko ya taɓa yi ya bar masa tabo a huhu.

Mai ciwon suga, hawan jini, ciwon ƙoda, ciwon zuciya ko ƙiba mai yawa.

Dattijo, musamman daga shekara 60 zuwa sama.

Mace mai juna biyu.

Mai shan taba, domin huhunsa ya riga ya gaji.

In mutum ya haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan, to shi kam bai kamata ya raina ko da mura ba.

Alamomin korona

Alamomin da mai HIV ke gani su ne dai waɗanda kowa ke gani. Bayan an shaƙi ƙwayar, sukan bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 14. A farkon annobar yawanci kwana biyar ne, nau'in Omicron da ya bazu tun ƙarshen 2021 kuma yakan fito cikin kamar kwana uku. Ga su:

Zazzaɓi da jin sanyi.

Tari, yawanci busasshe.

Ciwon maƙogwaro, mura da toshewar hanci.

Ciwon kai da ciwon gaɓɓai.

Kasala mai nauyi, irin wadda mutum zai ji ko buta ba ya son ɗagawa.

Daina jin ƙamshi ko ɗanɗano. Wannan ta fi yawa a nau'o'in farko, yanzu ta ragu.

Zawo, tashin zuciya ko amai ga wasu.

Wasu ba sa jin komai sam, amma suna iya shafa wa wani. Yawancin mutane suna miƙewa cikin sati ɗaya zuwa biyu.

Akwai abu biyu da suka bambanta wanda garkuwarsa ta yi ƙasa sosai. Na farko, zazzaɓi alama ce ta jiki yana faɗa, saboda haka jikin da ba shi da ƙarfin faɗa yana iya ƙin yin zafi sosai alhali ciwo na cin huhu. Rashin zafin jiki ba shaidar sauƙi ba ne. Na biyu, ƙwayar korona tana iya daɗewa a jikinsa. A birnin Durban an samu wata mata mai HIV da ta yi nisa, wadda korona ta zauna a jikinta kwana 216, tana ta sauya kama. Sai da aka canza mata maganin HIV zuwa wanda ya karɓe ta, sannan jikinta ya iya korar koronar.

Alamomin da ba a kwana da su

Korona takan yi wa mutum lamɓo. Satin farko ya ji kamar mura ce, har ya koma kasuwa, sai wajen kwana na bakwai zuwa na goma numfashi ya fara sarƙewa. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, a nemi mota a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne:

Numfashi na yin wuya, ko mutum ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya huta.

Ciwo ko nauyi a ƙirji da ya ƙi tafiya.

Ruɗewa, sambatu, ko barcin da ake tashin mutum da ƙyar.

Leɓe, harshe ko farce sun yi toka-toka ko shuɗi.

Kaki da jini.

Amai ko zawon da ya hana ruwa da magani zama a ciki.

Fitsari ya ragu ƙwarai ko ya ɗauke.

Akwai 'yar na'ura da ake maƙala wa yatsa tana auna iskar oksijin a jini, ana samunta a manyan kemis. Lafiyayye yakan nuna 95 zuwa sama. In ta sauka ƙasa da 94 a nemi likita, in ta yi ƙasa da 90 kuwa abin gaggawa ne. A sani cewa a jikin baƙar fata na'urar takan nuna sama da gaskiya kaɗan, jan farce ma yana ruɗa ta. In na'ura ta ce lafiya amma mutum na haki, a bi hakin.

Ba kowane tari ne korona ba

Nan ne aka fi yin asara. Mai HIV yana da wasu cututtukan da ke zuwa da irin wannan kama, kuma wasunsu sun fi korona kisa.

Tarin fuka. Shi ne kan gaba wajen kashe masu HIV a duniya. A hankali yake zuwa: tari na makonni, zufa da dare har riga ta jiƙe, rama, zazzaɓin yamma. Ga sauran mutane ana cewa tarin sati biyu, amma ga mai HIV ko tarin kwana nawa ne, ko zazzaɓi, ko rama, ko zufar dare, ɗaya kawai ta isa a auna kakinsa. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Mu mutanen kara da kwata muna da ƙarin dalili, domin shanu ma suna da nasu tarin, yana kuma kama mutum ta madarar da ba a tafasa ba, ko ta aikin fiɗa da gyaran huhun dabba mai ciwo. Mahauci ko mai wankin kayan ciki ya gaya wa likita sana'arsa.

Ciwon huhu na masu raunin garkuwa, wanda likitoci ke kira PCP. Yana kama wanda CD4 ɗinsa ya yi ƙasa da 200. Busasshen tari ne da haki mai ƙaruwa cikin makonni, har hoton ƙirjinsa kan yi kama da na korona. Ƙwayar Septrin da ake haɗa wa mutane a asibiti ita ce katangarsa, don haka wanda aka ba shi kada ya ajiye.

Sanƙarau na masu raunin garkuwa. Ciwon kai mai tsanani da ya ƙi jin magani kwana da kwanaki, da sanƙarewar wuya, ko ganin abu biyu-biyu, ko ruɗewa. Wannan na asibiti ne kai tsaye.

Zazzaɓin cizon sauro. A Kudu kusan duk shekara ana yinsa. Gwajin yatsa na minti goma sha biyar ya raba gardama. Sai dai mutum yana iya haɗa shi da korona lokaci guda, saboda haka in an sha magani kwana uku jiki bai saki ba, a koma.

Zazzaɓin Lassa. Mazauna Ondo, Edo da Ebonyi su riƙe wannan, musamman da rani. Zazzaɓi ne da ya ƙi jin maganin maleriya, da ciwon maƙogwaro da kasala, wani lokaci da zubar jini. Asibitin Irrua a Edo da na Owo a Ondo sun shahara da aikinsa.

Abin nufi, da ido ba a rabe su. Sai gwaji.

In ka ji alamomi, me za ka yi?

Na ɗaya, kada ka tsayar da maganin HIV ko na kwana ɗaya. Yawancin mutane yanzu ƙwaya ɗaya suke sha a rana, wadda ake kira TLD. Korona ba ta hana shanta. In amai ya hana ta zama, wannan kansa dalilin zuwa asibiti ne.

Na biyu, kira asibitin da kake karɓar magani ko ka je da takunkumi a fuska. Ka faɗi ranar da ciwon ya fara, domin lissafin kwanaki yana da amfani ga likita. Hukumar NCDC ma tana da lambar kira 6232.

Na uku, ka rage cuɗanya. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta Janairun 2023 ita ce mai alamomi ya keɓe kwana 10 daga ranar da suka fara. Wanda garkuwarsa ta yi ƙasa yana iya buƙatar fiye da haka, likita ne zai faɗa. Na san yadda muke kwana a Agege, Mile 12, Idi-Araba, Alaba Rago, Sabon Badun ko Shagamu: mutum shida, takwas a ɗaki ɗaya, wasu a shago, wasu a baranda. Killacewa irin ta littafi ba za ta yiwu ba. Abin da zai yiwu shi ne a buɗe taga da ƙofa, marar lafiya ya kwanta ta bakin taga ko a waje inda iska ke kaɗawa cikin gidan sauro, ya sa takunkumi, a ware masa kofi da buta, dattijo da mai ciwon suga kuma su matsa wani ɗakin na 'yan kwanaki.

Na huɗu, ruwa da abinci. Kunu, koko, shayi, farfesu, lemu, duk abin da ciki zai karɓa. Don zazzaɓi da ciwon jiki farasitamol ya isa, kada babba ya wuce ƙwaya takwas ta 500 a yini.

Magungunan da ke karo da juna

Wannan sashe a karanta shi da kyau, domin mu mutanen kemis ne da masu tallar magani a tire.

Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda 'yan dako da 'yan lodi ke sha kamar gyaɗa, suna wahalar da ƙoda. Ɗaya daga cikin sinadaran TLD, wato tenofovir, shi ma ta ƙoda yake fita. In aka haɗa su ga zazzaɓi ga ƙarancin ruwa a jiki, ƙoda na iya samun matsala.

Ƙwayoyin zinc, na ƙarin jini, na ƙarfin ƙashi, da farin ruwan maganin gyambon ciki suna riƙe dolutegravir, wani sinadarin na TLD, su hana shi shiga jini yadda ya kamata. Ƙa'idar ita ce a sha TLD awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu.

Kulorokwin ba ya maganin korona. A Maris ɗin 2020 sai da aka kwantar da mutane a Legas saboda sun sha shi fiye da kima.

Dexamethasone, wanda binciken da aka yi a Ingila a 2020 ya nuna yana ceton rai, na wanda aka sa wa oksijin ne a asibiti. Mai ƙaramin ciwo in ya saya ya sha, ƙara danne garkuwarsa zai yi, in kuwa akwai tarin fuka a ɓoye sai ya ba shi fili.

Akwai maganin korona na ƙwaya mai suna Paxlovid, da ake ba masu haɗari cikin kwana biyar na farko. Yana karo da magunguna da dama, kuma ba a haɗa shi da rifampicin na tarin fuka. Likita kaɗai ke rubuta shi.

Wani zance da ya yaɗu shi ne wai mai shan maganin HIV korona ba ta kama shi. Asalinsa, a farkon annobar an gwada wani maganin HIV mai suna lopinavir a kan masu korona. Manyan gwaje-gwaje biyu, na Ingila da na Hukumar Lafiya ta Duniya, sun nuna bai rage mutuwa ba. Taimakon da maganin HIV ke yi shi ne gina garkuwa, ita kuma ta yi faɗan.

Jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen da ake sayarwa a gora a tasha, ba ka san me aka zuba ciki ba, hanta da ƙoda ne ke biyan kuɗin. In kana shan wani na gargajiya, ka faɗa wa likita.

Allurar rigakafi

Kason farko na allurar korona, kusan miliyan 4, ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris, 2021. Na san abin da ke zukatan mutanenmu game da allura, tun abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin gwajin maganin sanƙarau. Tsoron yana da tushe. Amma ga abin da aka tabbatar: alluran korona da aka yi amfani da su a Nijeriya ba su ɗauke da rayayyiyar ƙwayar korona, ba sa sa wa mutum HIV, ba sa tayar da wadda ta kwanta, ba sa kuma karo da TLD. Ba su hana kamuwa ɗari bisa ɗari, aikinsu rage kwanciya asibiti da mutuwa. Ciwon hannu da ɗan zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masu raunin garkuwa cikin sahun farko na waɗanda ya kamata su riƙa ƙara allurar lokaci-lokaci, domin wanda CD4 ɗinsa ke ƙasa, kariyar ba ta kama shi da ƙarfi kamar sauran. Ranar karɓar magani ka tambayi nas ko akwai, da kuma ko lokacinka ya yi.

Darasin kulle ga matafiyi

Ranar 30 ga Maris, 2020 aka fara kullen Legas da Abuja bisa umarnin Shugaba Buhari, Ogun ta biyo baya, daga bisani aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa farkon Yuli. Na san wani bawan Allah a kara wanda katinsa na magani yana can Arewa, don ba ya son a gan shi a layin asibiti a nan. Duk wata uku yakan bi tirela ya je ya karɓo. Hanya ta rufe, magani ya ƙare, kunya ta hana shi tambaya. Kafin a buɗe hanya ya rame, tari ya kama shi, sai da ya yi jinyar watanni kafin ya dawo daidai. Ashe da ya shiga cibiyar da ke kusa da shi da kwalbar maganinsa, da an taimaka masa.

Kulle ya wuce, amma yajin aiki, rikicin hanya, ambaliya da kwanan daji saboda lalacewar mota ba su wuce ba. Saboda haka:

Ka nemi a ba ka maganin wata uku zuwa shida in jikinka ya daidaita. Tsarin yana nan.

Kada ka bari ya rage ƙasa da na sati biyu kafin ka je karɓa.

In zamanka ya fi yawa a Kudu, karɓi takardar canjin asibiti ka dawo da katinka nan. Ba dole sai na unguwarku ba, kana iya zaɓar wanda ke nesa da idon sani.

Ka ɗauki hoton kwalbar magani da katinka a waya.

In za ka bi tirela, magani ya zauna a aljihu ko jakar hannu, kada ya sha rana a saman kaya.

Da azumi, tunda ƙwaya ɗaya ce, ana iya mayar da lokacinta dare. Ka shirya hakan da likita kafin watan ya kama, kuma wanda zazzaɓi ya kwantar ya san addini ya yi masa rangwame.

Manyan asibitocin koyarwa irin su LUTH a Idi-Araba, LASUTH a Ikeja, UCH a Badun, UBTH a Benin, UNTH a Inugu da UPTH a Fatakwal duk suna da sashen masu HIV, haka ma manyan asibitocin jiha da cibiyoyin lafiya da dama na ƙananan hukumomi. Shi kansa maganin kyauta ne. Akwai kuma ƙungiyar masu ɗauke da cutar ta ƙasa, NEPWHAN, mai rassa a jihohi.

Sirri da maganar tafinta

Ga wata matsala tamu ta baƙi. Mutum ba ya jin Turanci, sai an raka shi. Likita ya tambaya ko akwai maganin da yake sha kullum, shi kuma ga yaron unguwarsu tsaye, sai ya ce babu. Wannan "babu" tana iya sa likita ya kama hanyar da ba ita ba, ya yi ta maganin korona ko maleriya alhali PCP ce ko tarin fuka.

Mafita mai sauƙi ce. Miƙa wa likita kwalbar, ko ka nuna masa hotonta a waya, ko ka riƙe 'yar takarda da aka rubuta sunan maganin. Ba sai ka ce uffan ba, zai gane. Kana kuma da ikon cewa mai rakiya ya ɗan jira a waje. Dokar hana nuna wariya ga masu HIV ta 2014 ta haramta fallasa mutum ba da yardarsa ba, ta kuma hana korarsa daga aiki saboda cutar. Mu kuma masu rakiya, abin da kunne ya ji a ɗakin likita amana ce, a can ake barinsa.

Mata da yara

'Yar'uwa mai juna biyu, ki ci gaba da maganinki da zuwa awo ko da kina mura, ki dai sa takunkumi ki gaya wa nas tun daga ƙofa. Mai shayarwa da ta kamu da korona ba a ce ta yaye ba. Ki wanke hannu, ki rufe hanci da baki, ki ba da nono, ki riƙe maganin HIV da na jaririn yadda aka tsara miki. Yaro mai HIV in yana numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa na shiga ciki, ko ya ƙi nono da abinci, a kai shi asibiti ba jira.

Bayan an warke

Wasu sukan yi watanni suna fama da gajiya, haki in sun hau bene, mantuwa ko bugun zuciya. In abin ya kai wata uku ana kiransa korona mai dogon zango. Mai aikin ƙarfi, kamar lodi, turin baro ko kora shanu, ya koma a hankali. Mai HIV kada ya ɗora komai a kan korona, domin rama da tarin da ya ƙi ƙarewa suna buƙatar gwajin tarin fuka da na jini. A kuma sani cewa CD4 yakan faɗi na ɗan lokaci in ana cikin zazzaɓi mai zafi, don haka in an auna a lokacin aka ga ya sauka, likita kan sake aunawa bayan an murmure.

Ga wanda bai taɓa gwaji ba

Duk bayanin da ke sama yana amfanar wanda ya san matsayinsa ne. Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne mai yawo da HIV shekara da shekaru bai sani ba, sai ranar da wani ciwon ya kayar da shi. Gwajin ɗigon jini ne a yatsa, cikin minti ashirin an gama, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, akwai ma na yi-da-kanka a wasu kemis. In ya nuna akwai, a tabbatar a asibiti, kuma ana iya fara magani a ranar. Wanda ya riƙe magani har ƙwayar ta kwanta yana aurensa, yana haihuwar 'ya'ya lafiyayyu, ba ya kuma shafa wa matarsa ta hanyar saduwa.

Ina roƙon sarakunan Hausawa, shugabannin kara da limamanmu su riƙa gayyato ma'aikatan lafiya zango, a haɗa awon hawan jini, suga, tarin fuka da HIV rana ɗaya, a tanadi wanda ke jin Hausa. In kowa na kan layi ɗaya, babu wanda za a nuna da yatsa.

Wanda ya karanta ya tura wa ɗan'uwa, ba ka san wa ke buƙata ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mu a zaman da muke yi, ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya. Amin.